Takalman Alƙali Okerlund

Lorraine Pettibone ta yaye ƙyallen da aka lulluɓe zanen da shi, ta tsaya cak. Marigayi Alƙali Okerlund yana zaune cikin baƙar rigar shari'a kamar yadda ta zana shi, amma daga ƙwauri zuwa ƙasa babu komai. Saura awa ɗaya a rataye shi a kotun gundumar.

"Mista Grubb, ina ƙafafunsa?"

Magatakardan kotun, Dwight Grubb, ya gyara zaman tabarau. "Madam, hotunan alƙalai goma sha ɗaya ne a bangon nan, firam ɗinsu duk girma ɗaya. Naki ya zarta da inci tara. Kafinta ya ɗan rage."

"Ya ɗan rage? Wando ne?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara arba'in tana zanen gwamnoni da shugabannin banki, har da masu roƙon ta rage musu tumbi, amma ba a taɓa sa wa aikinta wuƙa ba. Kuma duk garin an san mutumin nan da takalman gona yake hawa kujerar shari'a, da taɓonsu da komai. Matarsa Hazel ce ta ara mata su, Lorraine ta yi mako uku tana zana su.

"Sunanki ma ya tafi da guntun," in ji Grubb, ko kunya babu. Ya miƙo mata maka, irin wadda ake rubutu a jikin kwali da ita. "Ki sake rubutawa a kusurwa. Minti ɗaya ne."

"Ba kafinta ne ya ƙarasa aikin ba? Ka kira shi ya rubuta nasa. Ina guntun?"

A bayan kwandon shara ta tsince shi, a naɗe. Tana kakkaɓe shi Hazel ta shigo da sandarta. Tsohuwar ta dubi zanen, ta dubi Grubb.

"Dwight, wane ne wannan? Shekara hamsin da biyu muna tare, ban taɓa ganinsa tsaf haka ba."

Lorraine ta warware mata guntun. Hazel ta daɗe tana shafa taɓon da ɗan yatsa, sannan ta naɗe shi ta sa a hammata.

"Madam Okerlund, an tanadar miki kujerar gaba," in ji Grubb.

"Ka ba kafinta. Lorraine, kin zo da mota? Kai mu gida."