Zoben da ke Gindin Turken Bature

Facin taya nake yi a bakin iyakar Jibiya, kuma rumfata tana kallon Turken Bature. Ginin siminti ne da bai fi tsayin mutum ba, da sunan wani Bature a jikinsa, da wani tsohon zoben ƙarfe a gindinsa. Tsofaffi suna cewa zoben ya girmi simintin, wai a nan fatake ke ɗaure bayi kafin su yi arewa da su, daga baya Bature ya zo ya ɗora sunansa a kai. Ni dai abin da na sani, a nan 'yan acaɓa ke jingina babura.

Bana samari suka tashi sai an rushe shi, don sun gani a waya ana tumɓuke gumakan masu cinikin bayi a ƙasashen Turawa. Dattawa suka ce tarihi ne, a bar shi. Direbobi suka ce in an rushe, a ina za a ce wa fasinja ya jira? Ɗana Imrana, mai karatu a Katsina, shi ne bakin samarin. Ban hana shi ba, don hankalina yana kan auren ɗiyata Sa'adiyya da Yahya, wani mai gyaran waya a Ɗan Isa, tsallaken iyaka. Yaran suna son juna, an kawo kayan gaisuwa, saura baffansa Alhaji Ɗantala ya gama binciken asalinmu a sa rana.

Ranar da aka yi taro a gindin turken ina kwance tayar wata babbar mota. Wani dattijo ya ce wa Imrana ai ba uban kowa aka ɗaure a wurin ba, ya daina tsoma baki cikin abin da bai shafe shi ba. Sai na ji muryar ɗana a lasifika.

"Ya shafe ni. Kakar mahaifina, tana yarinya, a wannan zoben aka ɗaure ta."

Ƙarfen da ke hannuna ya faɗi. Gaskiya ya faɗa. Marigayiya mahaifiyata ce ta ba shi labarin yana ƙarami, mu kuwa ba ma ɗaga maganar ko a cikin ɗaki. Na duba, wayoyi duk suna sama ana ɗauka.

Da muka koma gida na tsare shi a zaure, na ce mi ya kai shi. Ya ce ba abin kunya ba ne, kunya tana kan wanda ya saye ta da wanda ya sayar.

"Ita ta ɗaure kanta ne, Baba?"

"Na sani. To ka tsallaka Ɗan Isa ka yi masu wannan lacca."

Na ce masa ni ba na gardama da karatunsa, amma da ya bari a ɗaura auren ƙanwarsa, turken ai ba gudu zai yi ba. Ya ce auren da gaskiya za ta rushe ba aure ba ne. Uwarsu Fatsuma ta leƙo ta ce to shi da bai taɓa kai wa kowa goro ba ya fi kowa sanin aure. Sa'adiyya tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba.

Alhaji Ɗantala ya zo ranar kasuwa. Fatsuma ta yanka zabo, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Tun daga ƙofa na lura hannunsa babu goro. Ya yi ta zancen duwan, ma'aikatan kwastan na wajensu, da tsadar mai, da lalacewar hanya. Na tura masa kwano, ya ce yanzu ya ci. Can ya ce dangi sun ga a ɗan dakata da sa rana sai bayan kaka. Na tambaye shi wace kakar. Ya ce in Allah ya kai mu.

Na ce, "Alhaji, addini fa bai hana auren jikar baiwa ba."

"Ni ba ni da ta cewa, Malam Abu. Amma gidan ba ni kaɗai ba ne, kuma kowa ya gani a waya."

Na raka shi har shingen iyaka. Turken yana nan. Kwamitin da aka kafa bayan taron nan bai ce a rushe ba, bai ce a bari ba, sai farin fenti da aka shafa masa har kan zoben.

Na dawo na tarar da Imrana yana neman lambar Yahya, wai zai fahimtar da shi. Na ce ya ajiye wayar nan, ya isa haka. Sa'adiyya ta shigo zaure ɗaukar kwano, ta buɗe, ta ga naman yadda aka zuba shi, ta mayar da murfi.

"Baba, Yahya ya kira ka?"

"Bai kira ba."

Ta ɗauki kwanon ta shiga ciki.