Zuciyar Aro

Takardar ta fito daga na'urar a hankali. Layin bugun zuciya yana hawa yana sauka daidai, sai can tsakiya ya rikice, ya yi gaggawa, sannan ya dawo hanya. A ƙasa na'urar ta buga gargaɗi: akwai haɗarin bugun ya birkice ba zato, a nuna wa likita.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta karanta sau biyu. Wanda ke kwance a gadon, wayoyi manne a ƙirjinsa, kawunta ne, direban motar 'yan makaranta. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya tsaya mata har ta samu wannan farar rigar. Duk shekara sai makarantar ta ga takardar lafiyarsa kafin ta bar masa tuƙi.

"Kin yi shiru, 'yar nan. Injin naku aljani ya gani?"

"Kawu, kana jin jiri?"

"Wa ba ya jin jiri a ranar nan? In na sha ruwa yana wucewa."

Ta yi masa bayani, ya saurara yana ɓalla maɓallan rigarsa a karkace.

"In likita ya gani sun karɓe makullin ke nan," ya ce. "Ƙannenki huɗu na gida. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da ya fita ta murɗa makullin ƙofa, ta yage takardar, ta kwanta a inda ya tashi, ta manna wayoyin a jikinta. Sai da ta jira minti goma kafin ƙirjinta ya daina dukan tara-tara. Ta danna na'urar, sabuwar takarda ta fito da sunansa a sama.

Likita ya duba a tsaitsaye ya sa hannu. "Dattijon nan sai ya binne mu duka."

Ta yi dariya tare da shi, tana jin kunyar kanta.

*

Ran Asabar kawu ya zo da matarsa yin godiya, an sha hira, an sa mata albarka. Ta matsa masa ya je wani asibitin a ɓoye, ya ce to, irin to ɗin da ake sallamar yaro da ita.

"Na yi magana da shugaban makaranta," ya ce yana neman takalminsa. "Layinku na kan hanyata. Daga Litinin ni zan riƙa ɗaukar 'yarki, ki huta da sammako."

*

Litinin da safe motar ta tsaya a bakin layi, ya danna ham sau biyu. 'Yarta ta zabura da jakarta, uwar ta damƙe mata wuyan hannu.

"Kawu, ku je kawai. Mota na sa ta amai."

"Umma, ni ba na amai."

"Yi mini shiru."

Kawu ya dube ta ta taga, ita ma ta dube shi. Maƙwabciyarta ta iso da tagwayenta a guje, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta sa a mota, ta gyara wa ƙaramin hula.

"Ni dai in kawunki ne a gaba, hankalina kwance yake," ta ce.

Ƙofar ta rufe. Tagwayen suka manna fuska a gilashi suna ɗaga musu hannu.

"Umma, kina ji mini ciwo," in ji 'yarta.