Gorar Cikin Firji

Tun ranar da likitan haƙori ya ɗaga leɓen 'Yar Baba ya ce wa ubanta Mai Ruwa ya matso ya gani, mutumin bai ƙara zama a kujera har ta yi ɗumi ba. Yarinyar ta yi famfara, an sha tsokanarta da wawulo, kowa na jiran sababbin haƙora. Da suka tashi fitowa sai suka fito da fari-fari kamar an goga musu alli, ga kuma ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a gefe. Uwarta ta dirje su da buroshi har dasashi ya yi jini, ko gezau. Likitan ya ce ba datti ba ne, kuma kada a ɗora wa alawa laifi. Wani sinadari ne, fuloraid, ya yi yawa a ruwan da yarinyar ta sha tun haƙoran suna ɓoye cikin dasashi, kuma abin da ya shiga ya riga ya shiga, buroshi ba ya fitar da shi. Ya tambaya ko akwai ƙarami a gida. Aka ce akwai Auta, ko tafiya bai fara ba. Likitan ya ce to shi ne abin ji yanzu, domin nasa haƙoran a yanzu ake gina su.

Da likitan ya san wanda yake gaya wa wannan magana, da ya ɗan tauna ta kafin ya furta. Mai Ruwa a gidan ruwan gari yake aiki, kuma ba ko'ina ba sai ɗan ɗakin nan na baya, inda wani ƙaramin inji ke ɗiga fuloraid a cikin ruwan da ake tura wa mutane don ya kare haƙoransu daga ruɓewa. Shi ke cika tankin, shi ke saita ɗigon, shi ke goge injin kamar motar da ya saya da guminsa. Mutum ne mai alfahari da aikinsa har abin ya yi yawa. A gidansa ya kafa doka ba a sayen ruwan leda ko na roba, wai abin kunya ne a ga gidan mai ruwa yana sayen ruwa. In ya dawo aiki firji yake fara buɗewa, ya ɗaga gora ya kwankwaɗa, ya ajiye numfashi ya ce hannun gwani daban ne. Matarsa, wadda yake kira Maman Yara, takan yi murmushi ta karɓi gorar ta mayar.

Mutum ɗaya ne ya hana shi jin daɗin wannan alfahari, wato yayan matarsa, wanda kowa ke kira Kawu. Kawu mai sayar da kayan gyaran mota ne. Ya yi gini a bayan gari inda bututu bai kai ba, ya haƙa rijiyar burtsatse, daga ranar kuma ya zama malamin ruwa. Wayarsa cike take da saƙonnin murya, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji aƙalla ɗaya. In ya zo gidan ƙanwarsa ba ya shan ko kurɓi. Sai ya zauna ya miƙe ƙafa ya fara: wai sinadarin yana taɓa ƙwaƙwalwar yara, wai yana cin ƙashi, wai akwai garuruwan da suka daina sakawa. Mai Ruwa ya ce gishiri ma in ya yi yawa miya ta ɓaci, amma ba a taɓa jin an daina sa gishiri ba, magana ce ta awo, kuma awon a hannunsa yake. Kawu ya ce to wa ya tambaye shi kafin a zuba masa magani a kofi? Wannan tambayar dai Mai Ruwa bai taɓa samun amsar da ta gamsar da shi kansa ba, sai ya ɗaga murya, kamar yadda mai ƙarancin hujja kan yi. Daga nan Kawu ya kira 'ya'yansa samari ya sa su buɗe baki a ga haƙora farare tas, ya ce ga shaida. Maman Yara kuwa tana tsakiya, ga wa ga miji, sai ta tashi ta shige kicin.

Yanzu ga shi 'yar cikinsa ce ke yawo da shaidar a bakinta. Mai Ruwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗakin injin ya fita, ya sake shiga. Ya kwance bututun ɗigon ya wanke ya mayar, bai ga komai ba, ya sake kwancewa. A hanya kuwa sai ya koma mai leƙen bakin 'ya'yan mutane. In ya ga yara sun taso daga makaranta sai ya tsaya ya ja su da wasa, ya yi musu abin dariya, don kawai su buɗe baki ya duba. Wata mata ta harare shi ta ja ɗanta suka tsallaka titi. Bai ga irin tabon 'yarsa a bakin kowa ba, amma hakan bai kwantar masa da hankali ba, don ya san gari da faɗi, kuma ba kowane yaro ne ke dariya ba.

A gida abin ya fi ciwo. 'Yar Baba, wadda da can in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji, ta koyi sa hannu ta rufe baki. Maman Yara ba ta ce masa ci kanka ba. Da ma ta yi gori, da ya samu abin mayarwa. Sai dai ta ci gaba da kai da kawo, tana kallonsa da tausayi, shi kuma tausayin nan ya fi zagi ƙona masa rai. Duk lokacin da ya ga tana girgiza wa Auta madara a fida sai ya so ya hana, ya fasa. Ya ce a daina ba yaro ruwan famfo? Shi Mai Ruwa, da bakinsa?

Wata safiya ya ce wa kansa gara a yi ta ta ƙare. Ruwan bakin inji an sha auna shi ana cewa lafiya, to zai ɗebi na gidansa, wanda yarinyar ta sha, ya kai ɗakin awo. Ya murɗa famfon kicin, famfo ya yi tari ya yi shiru, ashe ranar ba layinsu ke da ruwa ba. Bai tsaya wani tunani ba, ya buɗe firji ya zari gora ɗaya, tunda ai duk ruwa ɗaya ne, jiya aka tara. Ya cusa ta a jaka ya fice ko karyawa bai yi ba. Maman Yara tana ɗaki tana yi wa Auta wanka.

Malamar Awo mace ce mara son hayaniya, mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta karɓi gorar ta tsiyaya a ɗan kofin gilashi, ta tsoma na'urarta. Mai Ruwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Da lambar ta tsaya sai ya ga matar ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ya leƙa da kansa. Abin ya ninka ƙa'ida har ya wuce inda zai iya kare kansa.

Bai san lokacin da ya fita da gudu ba. Ya faɗa ɗakin baya ya kashe injin, ɗigon ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Ya jingina da bango. Ashe Kawu, da wayarsa da saƙonninsa, shi ne mai gaskiya. Ashe shekara da shekaru yana zaune a nan yana ɗiga wa 'ya'yan mutane cuta, ya koma gida ya yabi hannunsa. Ya nufi ofishin Injiniya, shugabansu, yana haɗa maganar da zai faɗa: a sanar da gari, a rufe layi, shi kuma a yi masa duk abin da ya dace. Har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa sai ya ji ana kiransa daga baya.

Malamar Awo ce, da kofuna a jere a kan faranti. Ta ce ya dawo tukuna, ba a kai ƙara da gora ɗaya. A gabansa ta auna ruwan bakin inji, ta auna na babban tanki, ta auna wanda direba ya kawo da safe daga unguwar da ke ƙarshen bututu. Duka suna kan ƙa'ida, ko gashi ba su haura ba. Sannan ta koma kan gorarsa ta yi wasu gwaje-gwajen, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba ruwanmu ba ne," in ji ta. "Namu na kogi ne, ba shi da wannan nauyin. Wannan daga cikin dutse ya fito, ruwan burtsatse ne. Akwai ƙasar da fuloraid ɗinta a jikin dutsen yake, ba wanda ya zuba, ba kuma wanda ya auna. A ina ka ɗebo?"

Ya ce a firjin gidansa.

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta cika masa wata gora da ruwan da aka auna ta miƙa masa, ta ce ya je ya kunna injinsa.

A motar haya da ta ɗauko shi zuwa gida da tsakar rana, abin da ya fara ji shi ne sanyi a ƙirji, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ba shi ba ne. Garin lafiya lau. Amma kafin a kai mahaɗar farko sanyin ya koma kunya, don buhun da aka sauke masa ba ƙasa ya faɗi ba, kan wani zai hau, kuma ya san ko wane ne. Burtsatse ɗaya ya sani a danginsu. Sai yanzu ya tuna 'ya'yan Kawu sun gama famfara tun kafin a haƙa rijiyar, shi ya sa haƙoransu suka tsira. Ya tuna murmushin da ake yi masa in ya yabi hannun gwani. Haushi ya taso masa, ya ce yau sai an ji su a unguwa. Can kuma ya tuna yadda Maman Yara ta dirji haƙoran nan tana hawaye, haushin ya rasa wurin tsayawa. Har ya raya a ransa ya yi shiru, ya bar laifin a kansa, tunda ya riga ya saba da nauyinsa. To amma in ya yi shiru gobe ma da ruwan za a dama wa Auta madara.

Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya wuce kicin, ya tura ƙofar ɗan siton da ke baya, inda rabonsa da shiga tun suna sabon tarewa. A bayan buhunan gawayi da tsofaffin tukwane, an lulluɓe wani abu da zanin gado. Ya yaye. Jarkoki ne a jere, wasu cike wasu rabi, da man inji a jikin hannayensu irin na shagon kayan mota.

"Ka dawo da wuri, Baban Yara."

Maman Yara ce tsaye a ƙofar kicin, Auta a kafaɗa, fida a hannu tana girgizawa. Ta ga zanin a hannunsa. Ya zaci za ta rikice, sai ya ga ta gyara tsayuwa, kamar wadda ta daɗe tana jiran wannan rana. Ta ce ba ta so ya sani ta haka ba, amma tunda ya gani shi ke nan. Ba raina aikinsa ta yi ba, tsoro ta ji. Yaya ne ke kawowa in ya fita aiki, kuma na yara har tafasawa take yi. Mai Ruwa ya san tafasawa ba ta korar wannan abu, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

"Tun tana jaririya nake ba ta," ta ce, da murya mai ƙarfi. "Ɗan wanda take kurɓa a famfon makaranta ne ya yi mata wannan. Ka duba fa, ɗan wannan kaɗai. Ina ga da ban kare ta ba?"

Ta kai fidar bakin Auta, yaron ya miƙo hannu biyu. Mai Ruwa ya riga shi. Ya karɓe fidar a hankali, ya kwance murfin, ya juye madarar a wurin wanke-wanke. Auta ya tsala kuka. Ya ciro gorar da Malamar Awo ta ba shi ya ajiye kusa da gwangwanin madara, sannan ya ciro ta firjin, wadda saura rabi, ya ajiye ta can gefe ita kaɗai.

"Wannan na kai awo yau," ya ce. "Na ɗauka namu ne. Na makaranta lafiyarsa lau, Maman Yara."

Ta dubi gorar, ta dubi jarkokin, ta dube shi. Ya ga maganar tana shigarta sannu a hankali, ya so ƙwarai a ce akwai hanyar da zai tare ta. Ya karɓi Auta daga kafaɗarta don ya ga hannunta ya saki. Ta lalubi jarka ɗaya ta zauna a kai.

Daga waje aka ji ƙarar ƙofa da takun 'Yar Baba ta dawo makaranta, tana kiran Mama tana dariyar wani abu da ya faru a aji, dariyar tana fitowa a toshe ta bayan tafin hannu.

"Tun tana jaririya nake ba ta," Maman Yara ta sake cewa, wannan karon da ƙyar aka ji.