Gurbin Yatsa a Ƙotar Guduma

Me mutum zai yi da abin da in ya bar shi zai tsage, in kuma ya gyara shi zai shafe abin da ya sa yake ajiye da shi? Wani kafinta ya yini da tambayar nan a ransa, har ta kai shi shagon mai sayar da fenti, gudumar katakon mahaifinsa nannaɗe cikin tsumma.

"Ka rungumo ta kamar jaririya," in ji mai shagon. "Buɗe mu ga fuskarta."

Tsagewa ta faro daga kan gudumar tana gangarowa ƙota, itacen ya bushe ƙayau tun rasuwar tsohon. Ƙotar ta yi baƙi da riƙo, in ban da wani siririn layi fari a tsakiya. Zarto ya cinye wa mahaifinsa yatsan tsakiya tun yana saurayi, don haka wurin bai taɓa shan hannu ba.

Mai shagon ya jero gwangwanaye. Ya ce banish, wato fentin sheƙi, zai zauna a sama yana ƙyalli, amma da an fara bugu zai ɓare. Man katako kuwa yana ratsawa har ciki, shi ne maganin tsagewar.

"Launin fa?" in ji kafintan.

"Zai rine ta gaba ɗaya. Har wannan farin tabon zai tafi, ka huta."

Kafintan ya mayar da tsumman ya fita bai sayi komai ba.

A gida, mahaifiyarsa na zaune a ƙofar ɗakinta, bayan wurin aikinsa, da kwalbar man zaitun a gefe tana shafa wa gwiwarta. Ta dubi hannuwansa da suka faffashe.

"Kawo hannun nan."

"Inna, furfura ce fa a gemuna. Bar shi kawai." Ya tsuguna ya buɗe gudumar. "Wane mai Baba yake shafa mata?"

"Mai? Babanka da ko takalminsa ba ya gogewa?" Ta yi ɗan murmushi, ba ta taɓa gudumar ba. "Bai taɓa shafa mata komai ba. Ni nake shafa masa a hannu kowace safiya, yana mita yana miƙowa. Ita kuma gudumar ta sha daga hannunsa."

Ya tashi ya shiga wurin aikin. Akwai ƙafar kujera da ke jiran a fafe ta. Ya ɗora kurfi, ƙarfen fafe itace, ya ɗaga gudumar. Sautin da ya fito shi ne wanda yake tashinsa daga barci yana yaro, har sai da ya waiga ya dubi bencin mahaifinsa da ke kusa da taga. Babu kowa, sai ƙurar katako a cikin hasken rana.

Da ya sake duban hannunsa, yatsansa na tsakiya a ɗage yake, bai taɓa itacen ba. Bai san tun yaushe yake riƙe ta haka ba. Ya yi ƙoƙarin sauke shi, yatsan ya ƙi, kamar akwai wani da ya riga shi wurin. Ya sake bugawa a hankali, ya ji tsagewar ta ƙara buɗewa a tafinsa.

Ya daɗe a tsaye. Rataye ta a bango ba zai hana ta bushewa ba. Hannu mai mai kuwa, in ya riƙe ta da yatsu biyar, wata rana farin layin zai bi sauran.

Ya fito ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya miƙa hannuwa biyu. Ta zuba man a tafinta, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na tsakiya sai ya lanƙwashe shi.

Ta kama shi ta miƙar.

"Wannan naka ne," ta ce, ta shafe shi har farce.