Gwajin Bayan Gidan Abba Gana

Yakura ta dire takardar sakamako a gaban Lois, ma'aikaciyar ɗakin gwaji.

"Ke 'yar nan, likita ya ce kin rubuta wai hanjin maigidana lafiya lau. Mutumin da ya yi wata biyar yana gudawa da jini? Ko don kin ga mu 'yan gudun hijira ne?"

Lois ta duba takardar. "Mama, hanji in ya kumbura akwai alamar da yake fitarwa cikin bayan gida, ita muke nema. A wannan ko ɗigo babu. Kin tabbata nasa kika kawo?"

Shi dai Abba Gana, mijin Yakura, tun da suka baro Damboa daga su sai kayan jikinsu, suka sauka a ɗaki ɗaya a unguwar Manawashi, abinci bai ƙara zama a cikinsa ba. Da aka ba shi 'yar robar gwaji kuwa kau da kai ya yi, ya ce da furfurarsa ba zai miƙa wa sa'ar jikarsa ƙazantarsa ba.

"Nawa na zuba," in ji Yakura. "To sai me? Shekara arba'in tukunya ɗaya muke ci. Abin da ya shiga cikinsa shi ya shiga nawa."

"Tukunya ɗaya, Mama, amma hanji kowa da nasa. Ke kam lafiyarki ƙalau."

"Na tambaye ki lafiyata?"

Lois ta danne dariya, ta ba ta sabuwar roba, ta ce abokin aikinta Jibrilla ne zai karɓa.

A gida Yakura ta tarar da Abba Gana kwance a tabarma, duk ya zabge.

"An ce ruwa ya sauka a can garinmu," ya ce. "Da yanzu gerona ya kai gwiwa."

Ta ajiye robar kusa da kansa. "Malam, ni ma gidan nake so. Tsamiyar ƙofarmu har mafarkinta nake yi. Amma wallahi ran da hanya ta buɗe ba zan koma ni kaɗai ana tambayata a ina na binne ka ba."

Ya daɗe yana kallon robar.

"Namiji ne zai karɓa?"

"Namiji, har da gemu." Ko ganin Jibrillan ba ta yi ba.

Ya dafa bango, ya miƙe da ƙyar.

"Miƙo min buta."