'Yan Ɗumama Kujera a Filin Hajiya Fanta

Ni na fara ganin abin da ke damun ƙungiyar nan, tun masu karatu ba su buɗe baki ba. Ban taɓa shiga aji ba, takarda ma da babban yatsa nake dangwala mata. Amma shekara arba'in da ɗaya na yi ina kamasho a tasha. Mota ta kife da ni sau biyu, gobara ta ritsa da ni a kasuwa na fito da ƙafata, ga ni nan ina cin tuwona. Duk Fagge in ka ce Baba Dabo, babu mai tambayarka wanne.

Sunan ƙungiyar Gamayya. Rabin 'yan wasan daga Fagge, rabi daga Sabon Gari. Wanda ya haɗa su shi ne Koci Ikechukwu, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Suna wasa a wani fili mai katanga, na Hajiya Fanta, wanda marigayi maigidanta ya bar mata. Sun iya ƙwallo, wannan ba na musu. Amma ranar Asabar in ka leƙa, benci goma sha biyu a jere, daga ni sai mai rake sai akuyar maƙwabta.

Rannan Hajiya ta aiko aka kira Koci. Ta ce masu buga bulo suna ta yi mata sintiri a kan filin. Ta ce Alhaji ya bar shi ne don jama'a su taru su ji daɗi, ba don mutum ashirin da biyu su yi ta guje-guje babu mai kallo ba. Asabar mai zuwa za ta zo da kanta. In ta tarar da fili wayam, ta ba masu bulo.

Na sami Koci a bakin ƙofar filin da tarin takardun talla a hannu. Na ce ya karanta mini. Ya karanta: shiga kyauta, akwai wurin zama ga kowa da kowa.

Na ce, "Koci, da hannunka ka kore su."

Ya ce, "Haba Baba! Mun manna a Kasuwar Sabon Gari, mun manna a Titin Ibrahim Taiwo, mun tura a waya. Me ya rage?"

"Ka taɓa ganin fasinja ya shiga motar da babu kowa? Zai leƙa, ya ga kujeru wayam, ya ce bari ya je ya sha shayi ya dawo. Ba zai dawo ba."

"To Baba, fili ai ba mota ba ne."

"Mutum dai mutum ne. Ba ni Asabar ɗaya."

A tasharmu akwai waɗanda muke kira 'yan ɗumama kujera. Ba matafiya ba ne. Za mu zaunar da mutum biyar a mota, wani da ƙullin kaya a cinya, wani yana duba agogo yana tsaki. Ni kuma ina waje ina ihu, saura mutum ɗaya! Fasinja na gaske ya shigo, ɗan ɗumama ɗaya ya zame, wai zai kama ruwa. Haka har mota ta cika. Koci ya ji wannan ya dafe kai, ya ce shi dattijo ne a cocinsu, ba zai yi ƙarya ba. Na ce ba ruwansa, ya je ya kula da 'yan bayansa masu barin ƙwallo tana wucewa ta tsakanin ƙafa.

Na nufi majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Kyari mai hula. Su tara ne, tsofaffi, babu wanda ya taɓa kallon ƙwallo daga farko har ƙarshe. Da ƙyar na shawo kansu. Kyari ya ce shi da gemunsa ba zai je kallon ƙarti da gajeren wando ba. Baba Augustine mai kayan gyaran mota, abokin dararsa na shekara talatin, ya ce, "Alhaji, tsoro kake ji kar a ce ka buga, a ga ƙafar nan taka kamar sandar rake." Kyari ya ce don wannan maganar ma sai ya je. Sharaɗinsu ɗaya: da mutane sun taru, su tashi su koma dararsu. Na ce ai aikin ke nan.

Ranar Asabar na sa aka kwashe benci tara aka ɓoye bayan katanga, aka bar uku. Aka rufe babbar ƙofa, aka bar ƙarama. Ana idar da La'asar na zaunar da tsofaffina daidai inda mai wucewa zai hango su, na ce duk wanda ya yi gyangyaɗi ban yafe ba. Sannan na tsaya a bakin titi, na gyara murya. Shekara tara rabona da tasha, amma muryar tana nan inda na ajiye ta.

"Gamayya! Gamayya! Saura mutum ɗaya, a rufe ƙofa!"

Wani mai A Daidaita Sahu ya taka birki, ya ce, "Baba, me ake rabawa?"

Na ce, "In za ka shiga ka shiga, kar ka tare wa mutane hanya."

Babu kowa a bayansa, amma ya faka ya shiga. Masu tashi daga kasuwa suka ga Alhaji Kyari da babbar riga a zaune, ga Baba Augustine da jar hularsa, suka ce lallai abin na manya ne. Kafin a busa usur layi ya kai bakin kwalbati. Benci ɗai-ɗai na riƙa sa a fito da shi, kowanne sai an roƙe ni.

Ina cikin ihuna aka taɓa kafaɗata da carbi. Hajiya Fanta ce.

Ta ce, "Malam Dabo, mutum ɗayan nan naka tun ɗazu bai iso ba? Na ƙirga talatin sun shige."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yana hanya."

"Marigayi maigidana motoci huɗu ya yi a tasha. Na san 'yan ɗumama kujera in na gan su. Ni ba taron aro na zo gani ba. Zan zauna, in an tafi hutun rabin lokaci na ga sun zame, sauran ma binsu za su yi, kuma ka san maganata."

Nan fa ta kama ni, ban ɓoye muku ba. Ni da bakina na yi wa tsofaffina alkawarin tashi, kuma Kyari ba ya saɓa lokacin dara ko da aradu ake. Na kasa matsawa daga ƙofa, mutane na ta turowa. Aka busa hutu, babu ci. Na kutsa ina shirin roƙo.

Na tarar da Kyari a tsaye, hula a hannu, jijiyar wuya ta fito. Yana ce wa Augustine alƙalin wasan nan makaho ne, yaron Fagge aka kwashe wa ƙafa a gaban raga. Augustine na cewa yaron da kansa ya faɗi, ko a dara ma haka mutanen Fagge suke, in za a cinye su sai su kifar da allo.

Don in gwada su na ce, "Alhaji, lokaci ya yi, ga masu jiran benci."

Ya ce, "Dabo, matsa mini daga gaba! In tashi in bar wa wa? Ba a rama mana ba?"

Ko mutum ɗaya bai motsa ba. Saura minti kaɗan a tashi Ebuka, mai lamba tara na Gamayya, ya sa kai ya jefa ta a raga. Augustine ya rungume Kyari har rigar ta yage a hammata. Koci ya durƙusa a tsakiyar fili. Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce mini a gaya wa masu bulo su nemi wani wurin, kuma a samo wa mata benci nasu ta gefen inuwa.

Yanzu ba na ihu, zama nake a yi mini fifita. Koci na cewa wai takardunsa ma sun taimaka, na bar shi, yaro ne mai ladabi. Wanda kuma yake ganin cika baki nake, ga fili nan, Asabar bayan La'asar. Ya zo ya ce wa Alhaji Kyari ya matsa masa a bencin gaba. In ya fita da hularsa a kai, ni Dabo in yi tsaron raga a wasa na gaba, da gajeren wando.