Sunan 'Yar Fari a Aji

Madam Chiazo ta iso ƙarfe tara daidai, jaka a hammata, fuska a ɗaure tamau. Ita kwaleji ta turo ta duba koyarwar gwaji ta Tayyiba, kuma duk ɗaliban sashen ilimin ƙananan yara sun san wanda ta kayar sai ya maimaita shekara. Tayyiba kuwa ba ta da shekarar zubarwa. Shekara uku ke nan tana jigila daga unguwar Bagama zuwa kwaleji, miji na ƙorafi, dangi na dariya wai uwa guda ta tafi koyon reno a littafi.

Wata ƙaramar makaranta kusa da gida aka tura ta, ajin 'yan shekara huɗu, yara ashirin da uku. Cikinsu har da Nu'aima, 'yarta ta fari.

Darasin ginin laka ta shirya, kuma ta shirya shi da kyau. Yara suka baje a tabarma, kowa da curinsa. Ta kira Ebuka ta yaba tukunyarsa, ta kira Fakhruddeen ta share masa hanci, ta durƙusa daidai tsayin kowa yadda aka koya musu. Madam tana can ƙurya a kan kujerar yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa, sai ɗiga biro take a takarda. Tayyiba ta tsani ƙarar biron nan.

Can Nu'aima ta taso da kofin da ta gina, har da mariƙi, ta tsaya gaban uwarta tana ɗaga shi sama.

"Ke, kai can ki ajiye," in ji Tayyiba, idonta a kan allo.

Madam ta miƙe, ta yafito ta da yatsa ɗaya.

"Me yarinyar can ta yi miki?" ta tambaya da Hausarta mai kaushi. "Kowa kin kira sunansa. Ita sau shida tana ɗaga hannu, ko kallo ba ta samu ba."

"'Yata ce, Madam. Ta fari ce."

"To sai me?"

"Ba ma kiran sunan 'yar fari. Kunya ce a wurinmu."

"Shekara talatin ina Suleja, kar ki koya mini Hausa," in ji Madam. "Na san kunyarku sarai. Ki yi ta a gidanki. Nan aji ne, ita kuma ɗaliba ce. Ki kira sunanta, ki yaba aikinta, ko na rubuta kin faɗi. Abeg, kar ki ɓata mini lokaci."

Ran Tayyiba ya yi baƙi ƙirin. Wace ce wannan da za ta zo ta gwada mata son 'ya? Ita da ta yi sati biyu a asibiti kan yarinyar nan ba ta runtsa ba! Ga shi kuma Gwaggo Asabe, gwaggon mijinta mai sharar makarantar, ta jingina tsintsiya a bakin ƙofa ta kasa kunne. Kafin azahar labari zai kai wa surukar Tayyiba, da gishirinsa, cewa boko ya cinye mata kunya.

"Madam, ki rage mini maki kawai."

"Ba na ragi. Ci ko faɗuwa."

Tayyiba ta dubi biron, ta dubi Gwaggo Asabe wadda ta taɓe baki tun kafin a yi komai. Ta juya wajen yara.

"Nu'aima," ta ce, can ƙasan maƙoshi.

Yarinyar tana ta shafa kofinta da ɗan yatsa.

"Ban ji ba," in ji Madam.

"Nu'aima!"

Yarinyar ta ɗago firgigit. Ta dubi Madam, ta dubi Gwaggo Asabe, ta leƙa taga, tana neman wanda ya kira ta. Ta wajen uwarta ne kawai ba ta waiwaya ba. Da ba ta ga kowa ba, sai ta koma kan lakarta.

Madam ta rubuta maki hamsin da takwas, ta miƙa wa Tayyiba takardar ba tare da ta dube ta ba.

"Kin ci," ta ce, ta saɓa jakarta ta fice.

Tayyiba ba ta gode mata ba, kuma har yau ba ta yafe mata ba. Ta tsaya tsakiyar aji da takardar a hannu, tana kallon ƙeyar 'yarta.